Shin Maryamu ta haifi wasu 'ya'ya bayan Yesu? Abin da Nassi ya faɗa da abin da ikilisiya ta gada

"Malam, barka da aiki. Ina koyar da matasa Littafi Mai Tsarki a ikilisiyarmu. Da muka kai Markus 6:3, inda aka ambaci 'yan'uwan Yesu, sai wata yarinya da ta taso a gidan Katolika ta ce su an koya musu cewa Maryamu budurwa ce har ta bar duniya, ba ta sake haihuwa ba. Na ce mata wannan al'adar mutane ce, ba ta cikin Nassi. Daga baya kuma na ji an ce har Martin Luther ya yarda da hakan. Yanzu kaina ya ɗaure. Me Littafi Mai Tsarki ya ce takamaimai, daga ina wannan koyarwa ta fito, kuma yaya zan koyar ba tare da na yi wa kowa ƙarya ba?"

'Yar'uwata cikin Almasihu, sannu da hidima. In na fahimce ki, so kike a raba miki abin da ke rubuce game da rayuwar Maryamu bayan haihuwar Yesu da abin da ikilisiya ta riƙa faɗa tun ƙarni na biyu, sannan a gaya miki wanne ne yake da ikon ɗaure lamirin mai bi. Ga gajeriyar amsa tukuna. Babu ayar da ta ce Maryamu ta zauna budurwa har mutuwa. Babu kuma ayar da ta kira wani mutum ɗan Maryamu in ban da Yesu. Wanda ya karanta Linjila kai tsaye zai fi karkata ga cewa ta haifa masa ƙanne, ni ma can na karkata. Amma karkata ce, ba ta kai hujjar da za ta rufe magana ba. Abin da kika ji game da Luther kuwa gaskiya ne, kuma yarinyar nan ba sabon abu ta kawo ba: daga ƙarshen ƙarni na huɗu har bayan zamanin Luther, kusan dukan ikilisiyoyin gabas da yamma abin da suke koyarwa ke nan.

Koyarwar kashi uku ce

Yawancin gardamar da ake yi tana lalacewa ne saboda an dunƙule abu uku wuri ɗaya. Na farko, Maryamu ta ɗauki cikin Yesu tana budurwa, ta ikon Ruhu Mai Tsarki. Wannan a fili yake a Matiyu 1:18-25 da Luka 1:26-38, yana cikin Shaidar Bangaskiya ta Manzanni da ta Nikiya, kuma Katolika da Otodoks da Furotesta duk sun haɗu a kansa. Na biyu, wai haihuwar kanta ba ta taɓa budurcinta ba. Na uku, ita da Yusufu ba su taɓa sanin juna irin na miji da mata ba har ƙarshen rayuwarsu. Taurari ukun da ake zanawa a goshi da kafaɗun Maryamu a hotunan ikilisiyar gabas waɗannan ukun suke nufi: kafin haihuwa, lokacin haihuwa, da bayanta.

Kashi na biyu shi ya fi ƙarancin madogara a Nassi. Luka 2:7 cewa kawai ya yi ta haifi ɗanta, ta naɗe shi da zanen goyo, ta kwantar da shi a komin dabbobi. A aya ta 23 ma ya kawo dokar "kowane namiji da ya buɗe mahaifa" a kan Yesu. Labarin haihuwa marar naƙuda a rubuce-rubucen da ba su shiga Littafi Mai Tsarki ba ya fara fitowa. Tambayarki dai a kan na ukun take, don haka can za mu zauna.

Ayoyin da ake jayayya a kansu

Matiyu 1:25 ya ce Yusufu bai san ta ba har ta haifi ɗa. Mai karatu na yau da kullum zai ji cewa bayan haihuwar abu ya sake, musamman da yake aya ta 18 ta ce an same ta da ciki "tun ba su tare ba", aya ta 24 kuma ta ce ya ɗauke ta matarsa. Masu riƙe da budurcin dindindin suna amsawa da 2 Sama'ila 6:23, inda aka ce Mikal 'yar Saul ba ta haihu ba har ranar mutuwarta, da Matiyu 28:20, inda Yesu ya ce yana tare da almajiransa har matuƙar zamani. Ba wanda zai ce Mikal ta haihu a kabari, ko Yesu zai rabu da mu in zamani ya ƙare. Amsar tana da tushe, domin "har" ba dole ta nuna canji ba. Sai dai ki lura, a misalan nan biyu iyakar da aka sa ita ce mutuwa da ƙarshen duniya, inda canjin ba zai yiwu ba. A Matiyu 1:25 kuwa iyakar haihuwa ce, kuma maganar miji da matarsa ake yi. Abin da za a iya tsayawa a kansa shi ne, damuwar Matiyu ita ce ya tabbatar Yusufu ba shi ne uban cikin ba. Abin da ya biyo baya bai tsaya bayyanawa ba. Amma da yana so ya koyar da budurcin dindindin, nan ne wurin da ya fi dacewa ya faɗa, kuma bai faɗa ba.

Sai "ɗanta na fari" a Luka 2:7. A nan masu kare koyarwar sun fi ƙarfi fiye da yadda ake zato. A Shari'ar Musa, ɗan fari matsayi ne da yaro yake samu ranar da aka haife shi. Fitowa 13:2 ta ce duk wanda ya buɗe mahaifa na Ubangiji ne, Littafin Ƙidaya 18:15-16 kuma ya ce a fanshe shi da shekel 5 yana wata ɗaya. Ba a jira a ga ko za a yi masa ƙane. An ma tono wani rubutun kabari na Yahudawa a Masar, na kusan zamanin haihuwar Yesu, na wata mace da ta rasu wajen haihuwar "ɗan farinta", ka ga ke nan babu na biyu. Luka yana share fage ne ga miƙa Yesu a Haikali a aya ta 22 zuwa 24. Abin da ɗaya ɓangaren zai ce shi ne, Luka ya san yadda ake cewa tilo, ya yi amfani da kalmar sau uku: ɗan gwauruwar Nayin (7:12), 'yar Yayirus (8:42), da yaron da aljani ke bugarwa (9:38). Bai yi amfani da ita a kan Yesu da uwarsa ba. Wannan lura ce mai kyau, amma hujja ce daga shiru.

Akwai ayoyi biyu da suke taimakon masu riƙe da budurcin dindindin. A Luka 1:34 Maryamu ta tambayi Jibra'ilu yadda hakan zai yiwu tun da ba ta san namiji ba. Girigori na Nissa da Agustin, manyan malaman ikilisiyar farko, sun ce yarinyar da ke da alkawarin aure ba za ta yi mamakin albishirin ciki ba, sai in ta riga ta yi wa'adin zaman budurci. John Calvin, ɗaya daga cikin masu gyaran ikilisiya na ƙarni na 16, ya ƙi wannan fassara gaba ɗaya, ya ce da ta yi irin wannan wa'adi sannan ta yarda a ɗaura mata aure, da ta ci amanar auren. Fassarar da ta fi sauƙi ita ce ta fahimci cikin zai shiga nan take, tun ba ta tare ba.

Ta biyun ita ce Yahaya 19:26-27, inda Yesu yana kan gicciye ya danƙa uwarsa ga almajirin da yake ƙauna, shi kuma ya kai ta gidansa tun daga sa'ar nan. In tana da 'ya'ya maza huɗu a raye, me zai sa a kai ta gidan wani? A ganina wannan ce hujjarsu mafi nauyi a cikin Nassi, kuma tun ƙarni na huɗu ake kawo ta. Amsar da aka saba bayarwa ita ce Yahaya 7:5 ta ce 'yan'uwansa ba su gaskata da shi ba, kuma ba sa wurin gicciyen. Haka ne, amma makonni kaɗan bayan haka, a Ayyukan Manzanni 1:14, ga su nan suna addu'a tare da Maryamu da manzanni. Rashin bangaskiyar nasu bai daɗe ba. Amsar ta rage wa hujjar ƙarfi, ba ta kawar da ita ba.

Ezekiyel 44:1-2, ƙofar gabas ta Haikali da za ta zauna a rufe domin Ubangiji ya shiga ta cikinta, Ambros da Jerom, malaman ikilisiya na ƙarni na huɗu, sun ɗauke ta hoton Maryamu. Annabin dai Haikali yake kwatantawa. Wanda ya riga ya gaskata zai ga kyan hoton, amma ba za a iya kafa koyarwar a kansa ba.

Su wane ne 'yan'uwan Ubangiji?

Nan ne gizo ke saƙa. Markus 6:3 da Matiyu 13:55-56 sun ba da sunaye huɗu: Yakubu, Yusufu (Markus ya rubuta gajeren sunan, Yosis), Yahuza da Saminu, da 'yan'uwa mata da ba a faɗi sunansu ko yawansu ba. Suna fitowa tare da Maryamu a Kafarnahum bayan bikin Kana (Yahaya 2:12), da ranar da suka zo nemansa yana koyarwa (Markus 3:31-35). Bulus ya kira Yakubu "ɗan'uwan Ubangiji" a Galatiyawa 1:19, ya kuma ambaci "'yan'uwan Ubangiji" dabam da sauran manzanni a 1 Korantiyawa 9:5. Har masanin tarihin Yahudawa, Yosifus, wanda ba Kirista ba ne, da yake ba da labarin jifan Yakubu a shekara ta 62, ɗan'uwan Yesu ya kira shi. J. B. Lightfoot, a sharhinsa na Galatiyawa na 1865, ya raɗa wa amsoshi ukun da aka bayar sunayen mutanen da suka kare su a ƙarni na huɗu, kuma har yau da sunayen ake amfani.

Amsar Helbidiyus ita ce 'ya'yan Yusufu da Maryamu ne, ƙannen Yesu. Ƙarfinta shi ne ba ta buƙatar a ƙara komai a kan abin da ke rubuce. Kalmar Helenancin da aka yi amfani da ita, adelfos, a Sabon Alkawari in dai maganar dangin jini ake yi, tana nufin wanda aka haɗa uwa ko uba da shi. Raunin wannan amsa shi ne Yahaya 19, da kuma tambayar tarihi: in zuriyar Maryamu suna nan an san su, yaya aka yi labarin budurcinta ya bazu a ƙarni na biyu ba tare da an ji wata ikilisiya ta tashi ta musa ba?

Amsar Efifaniyus, bishop na Salamis a tsibirin Kubrus, ita ce 'ya'yan Yusufu ne na matarsa ta fari da ta rasu. Ke nan yayyen Yesu ne ta wajen riƙo, Maryamu kuma matar ubansu ce. Wannan ce tsohuwar amsa, ita ce ikilisiyoyin Otodoks suke riƙe da ita har yau. Ta dace da kalmar, domin in ana kiran Yusufu uban Yesu (Luka 2:48) ba tare da alaƙar jini ba, za a iya kiran 'ya'yansa 'yan'uwan Yesu. Ta kuma dace da halin da suka nuna: masu zuwa su kama shi suna cewa ya zautu (Markus 3:21) da masu gaya masa inda ya kamata ya je (Yahaya 7:3-4) sun fi kama da yayye. Richard Bauckham, masani ɗan Angilikan, ya ƙara da cewa kiran Yesu "ɗan Maryamu" a Nazarat zai yi ma'ana in ana bambanta shi da 'ya'yan wata matar Yusufu. Rauninta kuwa, Matiyu da Luka ba su ambaci matar fari ko manyan 'ya'ya ba, ko a tafiyar Baitalami ko a gudun Masar, inda kullum "yaron da uwarsa" ake cewa.

Amsar Jerom ita ce 'ya'yan 'yar'uwar Maryamu ne, ko dai dangi na kusa. Ya kafa hujja da Tsohon Alkawari, inda aka kira Lutu ɗan'uwan Ibrahim (Farawa 14:14-16) alhali ɗan ɗan'uwansa ne, aka kuma kira Yakubu ɗan'uwan Laban (Farawa 29:15) alhali Laban kawunsa ne. Sannan ya haɗa da Markus 15:40, inda wata Maryamu, uwar Yakubu ƙarami da Yosis, take tsaye tana kallon gicciyen. Ga sunaye biyu na farko, a jere ɗaya da na Markus 6:3, amma uwarsu ba a kira ta uwar Yesu ba. Wannan abin lura ne na gaske, kuma Katekizim na Katolika na 1992, sakin layi na 500, a kansa ya dogara. Duk da haka ita ce amsar da ta fi rauni a cikin ukun. Sunayen Yakubu da Yusufu da Maryamu sun yi yawa ƙwarai a cikin Yahudawan lokacin, don haka haɗuwar suna ba ta tabbatar da komai. Ibrananci ba shi da kalma ɗaya ta ɗan baffa ko ɗan kawu, amma Helenanci yana da ita, anefsiyos, kuma Bulus ya yi amfani da ita a Kolosiyawa 4:10 a kan Markus da Barnaba. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne shaidar Hejesifus, marubucin ƙarni na biyu da Yusebiyus, masanin tarihin ikilisiya, ya adana mana maganarsa. Ya ce Kilofas ɗan'uwan Yusufu ne, ya kira ɗansa Saminu, wanda ya gaji Yakubu a shugabancin ikilisiyar Urushalima, anefsiyos na Ubangiji, amma Yakubu da Yahuza 'yan'uwansa ya kira su. Mutum ɗaya ne, ya san kalmomin biyu, ya kuma raba su. Ƙari a kan haka, ba mu da shaidar wanda ya kawo wannan amsa kafin Jerom.

Kada ki ɗauka wannan rabon na Katolika da Furotesta ne tsantsa. John Meier, limamin Katolika ne kuma masanin Sabon Alkawari, a littafinsa na 1991 ya ce in da hujjar harshe da tarihi kaɗai za a bi, abin da ya fi yiwuwa shi ne 'yan'uwan Yesu na jini ne. Lightfoot kuwa, wanda daga baya ya zama bishop na Angilikan, amsar Efifaniyus ya zaɓa.

Yadda koyarwar ta kafu

Tushen da muka sani mafi tsufa shi ne wani littafi da ake kira Linjilar Yakubu ta Farko, wanda aka rubuta a rabin ƙarshe na ƙarni na biyu, ba kuma Yakubu ɗan'uwan Ubangiji ne ya rubuta shi ba. Daga cikinsa aka samo sunayen iyayen Maryamu, Yowakim da Hannatu, da labarin kai ta Haikali tana shekara 3, da Yusufu dattijo mai 'ya'ya wanda aka ba shi ita riƙo, da ungozoma da wata Salome da ta ce ba za ta yarda ba sai ta gwada da hannunta. Littafin bai shiga Littafi Mai Tsarki ba, ikilisiyar yamma ma ta lissafta shi cikin waɗanda ba a karɓa ba. Marubucin bai san al'amuran Haikali sosai ba, don haka ba madogarar tarihi ba ne. Amfaninsa shi ne ya nuna cewa ra'ayin yana yawo tun kimanin shekara 150 bayan haihuwar Yesu.

A wannan zamani ba baki ɗaya aka yi ba. Tertuliyan na Kartaj, yana yaƙi da masu cewa jikin Yesu ba na gaske ba ne, ya nace cewa haihuwa ce ta gaske da ta buɗe mahaifa, ya kuma yi magana kamar 'yan'uwan na jini ne. Orijin na Iskandariya, a ƙarni na uku, ya yarda da budurcin dindindin, amma ya faɗi gaskiyar inda maganar matar Yusufu ta fari ta fito: daga Linjilar Bitrus ko littafin Yakubu, ba daga Linjiloli huɗu ba. Basil na Kaisariya, a ƙarni na huɗu, ya faɗi abin da nake ganin ya fi kowa daidaito. Ya ce ko da an ɗauka Maryamu ta yi zaman aure daga baya, hakan bai taɓa tushen bangaskiya ba, amma masu ƙaunar Almasihu ba sa jure jin an faɗi haka.

A Roma abin ya fashe, a shekara ta 383. Lokaci ne da zaman zuhudu ke bunƙasa, ana ta ɗaukaka budurci a kan aure, ana kafa misali da Maryamu. Helbidiyus ya rubuta cewa Maryamu misali ce ga budurwai kafin haihuwa, misali ce kuma ga matan aure bayanta. Mutuncin aure yake karewa. Jerom ya mayar masa da martani mai zafi, har ya ce Yusufu ma bai taɓa sanin mace ba, dalilin da ya sa bai karɓi amsar matar fari ba ke nan. Shekaru kaɗan bayan haka aka hukunta Jobiniyan a Roma da Milan, shi ma a kan cewa aure da budurci ladansu ɗaya ne, da kuma musun budurci lokacin haihuwa. Ya kamata a faɗi wannan ba ɓoye-ɓoye: zafin da aka kare koyarwar da shi yana da alaƙa da ra'ayin zamanin game da aure, ra'ayin da yake da wuyar daidaitawa da Ibraniyawa 13:4 da 1 Korantiyawa 7:3-5. Amma ba Jerom ne ya ƙirƙiro ta ba, ta girme shi da shekara 200.

Daga nan ta zauna daram. Majalisar Afisa ta 431 ta tabbatar da laƙabin "Mahaifiyar Allah", domin kare allahntakar Almasihu. Majalisar Kustantiniya ta biyu, a 553, ta kira Maryamu "budurwa har abada" a cikin hukunce-hukuncenta, ko da yake ba batun aka taru a kai ba. Taron Lateran na 649, ƙarƙashin Paparoma Martin na ɗaya, shi ya fayyace kashi ukun, ya kuma la'anci mai musu.

Masu gyaran ikilisiya ba su taɓa ta ba. Luther ya kare ta a rubutunsa na 1523 a kan cewa Yesu Bayahude aka haife shi. Zwingli ya yi wa'azi a kanta a 1522. Shaidar Bangaskiya ta Helbetik ta biyu, ta 1566, ta ce "budurwa har abada". Calvin ya fi su taka-tsantsan: ya ce ba za a iya ciro komai daga Matiyu 1:25 ba, ya zargi Helbidiyus da jahilci a kan batun 'yan'uwa, ya kuma ce mai naci a kan tambayar son gardama ne ke damunsa. John Wesley, a wasiƙarsa ta 1749 zuwa ga wani ɗan Katolika, ya lissafta ta cikin abin da ya gaskata. Sai daga ƙarni na 18 zuwa na 19 ne yawancin Furotesta suka koma ga amsar Helbidiyus.

Inda ainihin saɓanin yake

Da kika ce wa yarinyar "al'adar mutane ce", Markus 7:8 ne a ranki, inda Yesu ya tsauta wa masu yar da umarnin Allah suna riƙe da al'adun mutane. Ita kuma malaminta zai buɗe 2 Tasalonikawa 2:15, inda Bulus ya ce a riƙe koyarwar da aka miƙa, ko da baki ko ta wasiƙa. Dukansu Nassi ne. Ba wanda yake musun cewa manzanni sun koyar da baki. Tambayar ita ce, ta yaya za a gane cewa wata koyarwa da ba a rubuta ba daga wurinsu ta fito, kuma wa ke da ikon yanke hukuncin?

Katolika, tun Majalisar Tirent a 1546 har zuwa Majalisar Batikan ta biyu a 1965, sun ce Nassi da gadon manzanni taska ɗaya ce, kuma an danƙa wa shugabannin ikilisiya fassara ta. Don haka ba sa buƙatar aya ta faɗa ƙarara. Ya ishe su cewa Nassi bai musa ba, ikilisiya kuma ta shaida. Otodoks sun fi jingina da sujada da waƙoƙin ikilisiya da bakin iyayen farko. Furotesta kuwa, kamar yadda sashe na 6 na Sassa 39 na Angilikan ya tsara, sun ce abin da ba a karanta a Nassi ba, ba a kuma iya tabbatar da shi daga Nassi ba, ba za a tilasta wa kowa gaskata shi a matsayin sharaɗin ceto ba. Ki lura, wannan ƙa'ida ba ta ce abin ƙarya ne ba. Cewa ta yi ba a ɗaure lamiri da shi. Shi ya sa Luther ya iya gaskata koyarwar ba tare da ya saɓa wa kansa ba. Kuma ƙa'idar kaifi biyu gare ta: in ba za a tilasta wa mutum ya gaskata budurcin dindindin ba, ba za a tilasta masa ya musa ba, tun da musun ma ba a rubuce yake ƙarara ba.

Matsayina shi ne, ban ga hujjar da ta isa a mai da wannan koyarwa wajibi ba, domin shaidar farko da muke da ita daga littafin da ba abin dogara ba ta fito, kuma akwai tazarar fiye da shekara 100 da ba mu da komai a cikinta. Ban kuma ga hujjar da ta isa a kira mai gaskata ta ɓatacce ba. Iyakar abin da tarihi zai iya yi ke nan. Bincike ba ya iya shiga ɗakin Yusufu da Maryamu.

A cikin aji

Hanyar da nake ba masu koyarwa shawara a kai ita ce a raba allo gida uku: abin da Nassi ya faɗa ƙarara, abin da ake iya fahimta daga gare shi, da abin da ikilisiya ta gada. A sa matasan su karanta ayoyin da kansu, su sa kowace a gidanta. Ɗaukar ciki tana budurwa zai shiga gidan farko, haka ma kasancewar mutanen da ake kira 'yan'uwan Ubangiji. "Ƙannensa ne na ciki ɗaya" zai shiga na biyu, tare da "ba ta da wani ɗa, shi ya sa aka danƙa ta ga almajirin". Yusufu dattijo da sunayen iyayenta za su shiga na uku. Zama biyu ya fi ɗaya: na farko ayoyi kaɗai, na biyu tarihi.

Kurakuran da ke ɓata darasin sanannu ne. Mafi yawa shi ne rikita wannan koyarwa da wasu biyu: cewa an ɗauki cikin Maryamu kanta ba tare da zunubin asali ba, wadda aka ayyana a 1854, da ɗaukar ta zuwa sama da jikinta, wadda aka ayyana a 1950. Malamin da ya ce budurcin dindindin ƙirƙirar ƙarni na 19 ne, ɗalibin da ya bincika zai kama shi, daga nan kuma ba zai ƙara yarda da sauran maganarsa ba. Haka nan kada a ɗora dukan nauyi a kan "har" ko "ɗan fari", domin amsarsu a shirye take tun 383. In za ki kare ra'ayin ƙanne, ki tsaya a kan tarin shaidar: marubutan Linjila huɗu da Bulus duk 'yan'uwa suka ce, suna ganinsu tare da Maryamu, kuma babu ko ɗaya da ya ga buƙatar yin bayani. A ɗaya ɓangaren ma akwai abin gyara. Ba daidai ba ne a ce Helenanci ba shi da kalmar ɗan baffa ko ɗan kawu, ba kuma a haɗa amsar Jerom da ta Efifaniyus a numfashi ɗaya, domin ɗaya tana rushe ɗaya.

Game da yarinyar, ki koma mata a gaban ajin da kika yi maganar, ki gaya musu cewa koyarwar tsohuwa ce ƙwarai, manyan masu gyaran ikilisiya ma sun riƙe ta, sannan ki bayyana dalilin da ya sa ikilisiyarku ba ta mai da ita wajibi ba. Ki ba ta aikin kawo Yahaya 19:25-27 da Markus 15:40 a zama na gaba, wani kuma ya kawo Matiyu 1:18-25 da Kolosiyawa 4:10, kowa ya fara da faɗin hujjar ɗan'uwansa yadda mai ita zai amince kafin ya amsa ta.